Kayen da Ba a Yi wa Kiɗa Ba

"Durƙusa ka cire ciyawar nan, tsoho!" in ji ɗan doka.

Filin kokawar garinsu ne, a bakin kogin Haɗeja. Tun kaka da kakanni, idan ruwa ya janye, gari kan fito gayya a share shi, a zuba rairayi. Bana Bature ya kewaye shi da waya, wai nan zai riƙa buga ƙwallo, aka kuma sa tsohon aikin cire ciyawa.

"Ɗana, bar ni in cire a sunkuye."

"Durƙusa na ce!"

A filin nan tsohon ya yi tashensa na kokawa, ba ƙaton da ya taɓa kai gwiwarsa ƙasa.

Ya durƙusa. Mutanen gari da ke bayan waya suka kau da kai. Ɗan dokan kuwa hamma yake yi, bai ma san ya yi kaye ba.