Wanda Ya Karɓi Keken Baba

"Ba ma mayar da kuɗi in kaya sun isa," in ji matar kamfanin aike, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Sun isa ina?" in ji saurayin da ke tsaye a gabanta. Keken guragu ya saya wa mahaifinsa, ya biya a kai ƙauye, can bayan Savelugu. Damina ta zo ta wuce, har yau goya tsohon ake yi zuwa masallaci.

Yayansa, wanda ya nace sai ya rako shi, ya buga tebur. "Ɓarayi! Taso mu tafi, ƙanena, Allah ya isa!"

"Massa, maigida, yi a hankali," ta ce wa yayan. "Ƙauyenku ba lambar gida, waya ɗan moto, mai kai kaya a babur, ke kira. Wanda ya ɗauka ya ce gada ta karye, a kawo masa unguwar Aboabo. Kuma ba ma sakin kaya sai da hoto."

Ta juyo wa ƙanen da kwamfutarta.

A hoton, ga Yaya zaune cikin keken Baba, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana dariya a ƙofar shagon mai sayen tsofaffin kaya.