Waƙoƙin da ke Wayar Mikail

Da la'asar Mikail ya zo zance wurin Bahijja a zauren gidansu da ke Soron Ɗinki. Yau ta yi alkawarin gaya masa ko ya turo manya. Maimakon ya tambaya, sai ya zaro waya ya shiga kunna mata waƙoƙi kamar yadda ya saba tun rasuwar matarsa Aminat.

"Saurari garayar nan, tsohon da ke kaɗa ta ba ya gaggawa," in ji shi. "Marigayiya ba ta tuƙa tuwo sai da ita."

Ya sauya zuwa wata ta Sudan. "Wannan ko kalma ɗaya ba ma ji, amma Aminat sai ta yi ta bin amshi da shirmenta." Ya yi dariya shi kaɗai. Da ta Indiya ta shigo, ya ce sarewar ta yi yawa, don Aminat ce kawai ya ƙi gogewa.

Bahijja ta dube shi. Fuskarsa ta yi wani haske da ba ta taɓa gani ba in ita yake kallo. Tana sonsa, shi ya sa ta daure ta tambaye shi.

"Malam Mikail, a cikinsu wacce ce take tuna maka da ni?"

Ya yi ta jan yatsa a kan wayar, sama da ƙasa.

"Allah ya jiƙan Aminat," ta ce a hankali, ta miƙe tana gyara mayafi. "Kada ka turo kowa tukuna. Har yanzu takaba kake yi."