Sallama a Ƙofar Cikin Waya

Tunda gardamar mece ce fasaha ta hana ka shan furarka, saurari wannan.

An yi wani tsohon magini, gwanin zanen bango, wanda hannunsa ya taɓa rabin zaurukan unguwarsu. A wurinsa gwaninta ma'auni ɗaya gare ta: ka gina ƙofar da mutum zai sunkuyar da kai ya yi sallama ba sai an ce ya yi ba. 'Ya'yansa maza duk sun guje wa laka. 'Yarsa kuwa ta yi karatun kwamfuta, ta kama ƙirƙirar wasannin da ake bugawa a waya. Ba ta neman komai wurinsa sai ya sa wa sana'arta albarka, shi kuma ya ƙi ƙememe. Ya ce abin da hannu ba ya shafawa, ruwan sama ba ya zaizaya, ba aiki ba ne, shiririta ce. Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai, amma ta haɗiye.

Ana nan aka zo faɗaɗa titi, aka rushe unguwar har da zauren da ya fi ji da shi. Tsoho ya daina cin abincin kirki, ya koma zaman tabarma yana kallon ƙasa. Rannan 'yar ta ɗora masa waya a hannu, ta buɗe masa wani wasa da ta ƙirƙira, ta nuna masa yadda zai ja da yatsa. Ya karɓa ne kawai don kada ya ba ta kunya. Sai ga lungunsu a cikin wayar, ga rijiya, ga durumi. Ya sha kwana, sai ga zaurensa tsaye, da zanen dagin da ke saman ƙofa, har da kusurwar nan da ta karkace, domin yana tsakar zana ta aka kira shi an haifi ita wannan 'yar, kafin ya dawo laka ta bushe. Bai san sa'adda ya sunkuyar da kai ba, yana zaune a tabarmarsa, ya ce, "Salamu alaikum."

Can sai ya farga da abin da ya yi. Ya share ido da hannun riga, ya daɗe yana gode wa Allah da Ya ba shi magaji ta inda bai duba ba. Sannan ya ce, "Uwata, ashe ke ma maginiya ce. Allah Ya yi wa hannunki albarka."

Da ma Hausawa sun ce, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.