Telan da Ya Yi wa Motarsa Juye

Tunda ka ce ka gaji da masu juyen mai na bakin titi, daga yau da hannunka za ka riƙa yi, ba zan hana ka ba, amma saurari abin da ya sami wani tela. Mutum ne mai hannu, shekara talatin yana kwance keken ɗinki ya mayar ba tare da noti ɗaya ya yi saura ba. Da Allah ya hore masa mota, irin mai canza giya da kanta, sai ya riƙa kai ta wurin masu juyen gaggawa na gefen gidan mai, inda kafin ka shanye kofin shayi an sallame ka. Saurin nan ne bai kwanta masa ba. Kullum yana tsaye bakin ramin da suke shiga ƙarƙashin mota yana leƙe, zuciyarsa tana raya masa ko mai gauraye suke ɗura masa, ko ba sa tsiyaye tsohon duka. Da ya kalli aikin sau biyar ko shida, sai ya ga ai ba wani abu ba ne. Wata Alhamis ya sayo galan ɗin baƙin mai, ya ɗaga motar a ƙofar gida, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashinta. Noti biyu ne a can kusa da juna, ɗaya na injin, ɗaya na giya. Shi ɗaya ya gani, wanda ya fi kusa da hannunsa, kuma na giya ne. Yana kwancewa mai ya zubo jawur kamar zoɓo, don kuwa haka launin man giya yake. Maimakon gabansa ya faɗi, sai ya yi murmushi, ya ce ashe zarginsa gaskiya ne, ga irin abin da suke zuba wa bayin Allah. Ya ɗaure notin, ya ɗura sabon mai a injin a kan tsohon da ke ciki, ya wanke hannu yana jin ya kuɓuta daga macuta.

Washegari da hantsi ya ɗauki matarsa da 'yarsu wadda ta gama wankan jego, za su mayar da ita ɗakinta da jaririyarta. Hanyar ta ratsa wani daji da ko direbobin haya ba sa tsayawa kama ruwa a cikinsa, saboda masu satar mutane. Tun a cikin gari motar take ɗan fizga, ya ce sabon mai ne bai gama zagayawa ba. Sai da gidaje suka ƙare, itatuwa suka rufe hagu da dama, sannan hayaƙi ya turnuƙe bayansu. Ya taka totur, injin ya yi gurnani amma motar ba ta ƙara gudu ba. Wani ƙauri ya cika ciki. Ta ja jiki kaɗan, ta tsaya cak, nesa kaɗan da gawar wata mota da aka ƙona a gefen hanya. Ya duba waya, babu sabis. Matar ta ce, "Maigida, a nan?" Ya buɗe ƙofa ya fito. Yana ɗaga murfin injin kenan ya jiyo ƙugin babura daga cikin daji, ba daga titi ba. Ya tura matan suka gangara, suka cusa kai cikin wani kwalbati da ke ƙarƙashin hanya, shi ma ya bi su, ruwa mai wari har idon sawu. Baburan suka tsaya a bisa kansu. Suna jin ana bubbuga gilashi, ana fasa but ɗin motar, ana sauke buhun shinkafa da tulun man gyaɗan da aka haɗa wa mai jego. Jaririyar ta motsa za ta yi kuka, uwar ta danna mata nono a baki, hawaye na zuba ba sauti. Wani daga cikin mutanen ya sauko har gefen kwalbatin. Telan yana kallon inuwarsa a kan ruwa, da inuwar bindigar da ke rataye a kafaɗarsa, yana ta karanto duk addu'ar da ta zo masa, rabinta ya ɓace masa a tsakiya. Bai san tsawon lokacin da inuwar ta ɗauka a wurin ba. Jiniyar jami'an tsaro masu rakiyar ayarin motoci ce ta kore su daga nesa, kuma ko da baburan suka tafi, sai da matarsa ta girgiza shi sannan ya fito daga kwalbatin.

Wata babbar mota cikin ayarin ta ja su zuwa gari na gaba. Bakaniken da ya duba ya zaro ƙarfen awon mai, ya ga ya haura alama nesa, ya leƙa ƙasa ya taso yana kaɗa kai. Ya ce, "Malam, wa ya yi maka wannan aika-aikar? Ya shaƙe injin da mai, ya bar giya da ƙishirwa har ta ƙone." Telan ya dubi 'yarsa da ke zaune a kan benci, rungume da jaririyarta, ya sunkuyar da kai, ya ce shi ne.

To, ka ji. In za ka yi da kanka, ka durƙusa a gaban wanda ya iya ya nuna maka da yatsa. In kuma kai ta za ka yi a yi maka, ka nemi mai amana ka tsaya a kansa. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe abin nan ya faru, rana tana tsaye tar, amma mutumin nan lalube yake yi tun daga ƙofar gidansa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce rashin sani ya fi dare duhu.