Baƙo Ɗaya a Shafin Auta

"Dubban mutane ke leƙa shafina. Kai wa ya san ka?" Haka Auta ta mayar wa yayanta da ya ce ta nemi aikin yi.

Sai dai shafin ɗinkinta ba ya fitowa a injin bincike na intanet. Ta dage har ta gano dalili: lambar da ake liƙa wa kowane baƙo a adireshin shafin ce ke rikita injin. Ta cire ta.

Dubban nan suka ɓace. Ashe injin ne ke ta zagaye, duk shigowa da sabuwar lamba, ana ƙirga shi a matsayin sabon baƙo. Mutum ɗaya ya rage, mai leƙowa kullum.

Kunya ta hana ta fitowa falo.

Daga can yayanta ya ɗaga murya: "Auta, hoton rigar da kika ɗora a shafinki jiya ya karkace."