Malamin da Ya Kasa Naɗe Hannu

Kai da aka danƙa wa ɗalibai bana, ga misali ka riƙe.

An yi wani malamin jami'a mai koyar da yadda ake sanyaya ƙwayoyin zarra. Ana harba hasken lesa ta madubai, ya haɗu ta kowace fuska cikin 'yar kwalbar da aka zuƙe wa iska aka saka ƙwayoyin, har su rage gudu, su yi sanyin da ko ƙanƙara ba ta kusa da shi, su dunƙule. In an dace, sai ɗan ɗigo ya haska a allon kwamfuta kamar ƙwayar gero. In madubi ɗaya ya goce ko da kaurin gashi ne, allo baƙi ƙirin.

Mutumin ya san aikinsa, yana kuma son ɗalibansa, sai dai Allah bai ba shi haƙurin kallo ba. Ɗaliba na murɗa notin madubi a hankali, shi yana bayanta yana safa da marwa, yana cizon leɓe. Kafin ta ɓata ta gane inda ta ɓata, ya ce ta ɗan matsa, ya sa yatsu biyu, ɗigo ya fito. Su yi tafi, su ɗauki hoto a waya, shi ya tafi gida wai ya koyar. Haka aka cinye zangon.

Ranar jarrabawa aka kawo mai dubawa daga wata jami'a, dattijuwa marar yawan magana, kuma duk wanda bai fito da ɗigon da hannunsa ba sai ya maimaita shekara. Ta taɓa madubi guda, ɗigon ya ɓace. Ta nuna wa malamin kujera a bakin ƙofa, ta ce, "Malam, yau kai ɗan kallo ne."

Ya zauna kamar a kan garwashi. Yana hango madubin, yatsunsa na ƙaiƙayi, ba damar tashi. Yaran sun haddace lissafin kaf, amma ba wanda ya san ta inda ake fara nema. Wannan ya murɗa dama, wancan ya mayar hagu, har madubai masu lafiya suka goce. Can suka saki notin, suka juyo gaba ɗaya suna kallonsa, suna jira ya taso kamar kullum. Kunya da tausayi suka rufe shi, ya sunkuyar da kai, don ya san ba su kaɗai suka faɗi ba.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.