Lauyan da Ya Tsare Dukiyarsa daga Kansa

Ka ce tsaro ba ya yin yawa? To gyara zama ka ji. An yi wani lauya a Abuja wanda manyan kamfanoni ke layi a ƙofarsa in za su ƙulla cinikin kuɗin intanet, kuɗin nan da ba a taɓa su da hannu, ba su da banki balle manajan da za ka je ka roƙa. Mabuɗin asusunsu kalmomi ne goma sha biyu. Ka riƙe su, dukiya taka ce. Ka ɓatar da su, sai dai a yi maka jaje. Mutumin gwani ne, ba zan hana shi nasa ba, amma zargi ya yi masa katutu, ko gaisuwa ka yi masa sai ya duba ko da tarko a ciki. Shekara goma sha ɗaya yana tara ladan aikinsa a irin wannan asusu, burinsa ya sayi wata gonar mangwaro a garinsu ya huta da rigimar kamfanoni. Kalmomin kuwa bai yarda da waya ba, bai yarda da kwamfuta ba, bai ma yarda da matarsa ba. Ya rubuta su a 'yar takarda, ba suna, ba kwanan wata, ba sa hannu, don ko ɓarawo ya gani ya ɗauka shirme ne. Ya cusa ta a wani tsohon fayil a ofis, yana ta yaba wa kansa wayo.

Abin da ya manta shi ne dokar da ya tsara wa ofishin da hannunsa: duk takardar da ba ta da suna da kwanan wata da sa hannu, a jefa ta injin yayyanka takardu, kada sirrin kamfanoni ya fita. Sakatarensa kuwa dattijo ne mai bin doka sau da ƙafa. Ranar da mai gona ya sallama, lauya ya buɗe fayil ya ga wayam. Dattijo ko gezau, ya ce, "Yallaɓai, ai sashe na huɗu na dokarka ne ya ci ta, wata uku ke nan." Yankakkun takardun kuma wata mai kiwon kaji ake ba, tana shimfiɗa wa 'yan tsaki. Haka lauya ya wuni biyu durƙushe a akurki cikin kwat, kaji na tsattsagar takalminsa, abin da ya samo duka rabin kalma ɗaya ce, ita ma kashin kaza ya ɓata ta. Ya dawo a fusace ya rantse sai ya maka dattijo a kotu. Ya ɗauko dokar yana neman kafa, sai ga sashe na biyar: ma'aikacin da ya bi wannan doka ba shi da laifi, ko me ya salwanta. Ya karanta ta sama da ƙasa bai sami ko kafar allura ba, don gwani ne ya rubuta ta. Nan ya dafe kai ya yi kuka, kuma wallahi na tausaya masa, ko da yake na yi dariya tukuna. Gona dai wani ya saye ta. Kuɗin suna nan har yau, kullum yana leƙa su a waya suna ƙaruwa, ko na goro ba ya iya cira.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira a rasa ido.